KIMIYYA A SAUƘAƘE: Awartakin Da Ke Zaro Jan Ƙarfe Daga Cikin Jini

A makon nan za mu duba wani al'amari wanda a kallon farko za a ɗauka na likitoci ne da ma'aikatan ɗakin awon jini kaɗai, alhali kuwa ya shafi turken rago a gidan talaka, ya kuma shafi lafiyar 'ya'yanmu. Batun shi ne yadda ake zaro ƙarfe daga cikin jini bayan ya riga ya shiga ya sami wurin zama.

Bari mu fara daga Mamudo, garin nan da ke kusa da Potiskum a kan hanyar Damaturu, cikin Jihar Yobe. A wannan yanki kiwon turka shi ne asusun talaka. Magidanci ya sayi ɗan balami ko uda bayan kaka, matan gida su ma su ɗaure nasu a bayan ɗaki, a yi ta ba su harawa da dusa da angurya har Babbar Salla ta ƙarato, sa'an nan a kai su kasuwar Potiskum, wadda ke cikin manyan kasuwannin dabbobi na Afirka ta Yamma, a loda su a manyan motoci zuwa kudu. To, da yake abincin dabba ya yi tsada, wasu masu turka a arewacin ƙasar nan sun koma haɗawa da ragowar abincin kajin gidan gona, wasu har da busasshen kashin kajin, wasu kuwa su sayo dutsen lasa wanda aka yi domin shanu su ajiye wa tumaki.

Abin da likitocin dabbobi suka daɗe da sani shi ne, tunkiya ba ta iya fitar da jan ƙarfe daga jikinta kamar yadda saniya ko akuya ko kaza ke yi. Bukatarta ba ta wuce wajen miligiram 10 a cikin kowane kilo na abinci ba. In ya haura 20 ko 25 aka kuma daɗe ana ba ta, to, an shiga hatsari. Kajin gidan gona kuwa, a wasu wurare akan zuba musu fiye da miligiram 100 a kilo domin su yi saurin girma, kuma mafi yawansa a cikin kashinsu yake fitowa. Saboda haka ragon da ke cin irin wannan abinci yana tara jan ƙarfe a hantarsa wata da watanni ba tare da wata alama ba. Yana ci, yana ƙiba, gashi yana sheƙi. Ranar da ya sha wata wahala, ko ta doguwar tafiya a mota, ko ta yunwa, ko ta sauyin yanayi, sai hantar ta saki abin da ta tara a lokaci guda. Jan ƙarfen ya malala cikin jini ya farfasa jajayen ƙwayoyinsa. Fitsari ya koma ja mai duhu kamar ruwan zoɓo, ido da dasashi su yi rawaya irin ta shawara, cikin kwana biyu ko uku rago ya faɗi. In aka feɗe sai a tarar kitse ya yi ruwan ɗorawa, ƙoda ta yi baƙi ƙirin. Mai shi ya ce kambun baka ne, ko kuwa direba ne ya cushe su.

Wannan cuta ta tumaki tana da 'yar'uwa a jikin ɗan Adam, kuma maganin da ake yi wa su biyun tushensa ɗaya ne. Amma kafin mu kai ga magani, tilas mu san yadda jan ƙarfe ke zama a cikin jini.

ƊAN DAKO DA AZARA

Jan ƙarfe dai shi ne wanda ake yin wayar lantarki da shi, shi ne kuma ake narkawa tare da wasu ƙarafa a sami tagulla. Ba baƙo ba ne a jikinmu. Baligi yana ɗauke da kimanin miligiram 100, watau kashi ɗaya cikin goma na giram, kuma abin da yake bukata a yini bai cika miligiram ɗaya ba. Muna samunsa daga hanta da wake da gyaɗa da hatsi. In babu shi jiki ba zai iya sarrafa baƙin ƙarfen da ake gina jini da shi ba, jijiyoyi za su raunana, har gashi ma launinsa zai koɗe. Amma fa zuma da zaƙi da harbi. Jan ƙarfen da ke yawo sake, ba tare da wani abu ya riƙe shi ba, yana ƙona ƙwayoyin jiki kamar yadda tsatsa ke cin garma. Domin haka jiki ba ya barinsa ya yi tafiya shi kaɗai, kullum sai da ɗan rakiya.

'Yan rakiyar nan su ne furotin na cikin ruwan jini, kuma biyu ne suka fi shafar zancenmu. Na farko sunansa albumin. Hanta ce ke yin sa, kuma shi ne ya fi kowane furotin yawa a ruwan jini. Da zarar jan ƙarfe ya ratsa hanji, albumin da wasu mataimakansa ke tarbarsa su kai shi hanta. Riƙon da albumin ke yi masa irin na ɗan dako ne wanda ya ɗora kaya bisa gammo. Kayan ba za su faɗi ba, amma in an iso wurin saukewa, ko kuwa wani wanda ya fi shi ƙarfi ya miƙo hannu, sai ya saki.

Na biyu shi ne wanda masana biyu na ƙasar Suwidin, Holmberg da Laurell, suka bayyana cikin 1948, suka sa masa suna serulofilasmin saboda launinsa shuɗi ne. Mu kira shi shuɗin furotin. Shi ma hanta ce ke ƙera shi, kuma tun a wurin ƙirar take dasa ƙwayar jan ƙarfe shida a cikin jikinsa, kamar yadda magini ke jera azara a rufin soro. Ba a zare azara sai an rushe ɗakin. A jinin mai lafiya, kusan kashi tara cikin goma na jan ƙarfe a jikin shuɗin furotin yake, a ƙulle, ba ya cutar da kowa. Ragowar ɗan kaɗan ɗin nan, wanda ke kan ɗan dako, shi ne ke shiga ƙwayoyin jiki, shi ne kuma ke zama guba in ya yi yawa. Abin da ya yi rara kuwa hanta ce ke zubar da shi ta cikin maɗaci, ya bi hanji ya fita da bayan gida. Ƙoda ba ta da wani babban rabo a wannan aiki, domin ita rariya ce mai ƙananan idanu, albumin kuwa ya fi ƙarfin idon rariyar, saboda haka shi da kayan da ke kansa ba sa wucewa cikin fitsari.

Cikin 1912 wani likita a Landan mai suna Kinnier Wilson ya bayyana wata cuta da ke kama matasa, ta lalata hanta da ƙwaƙwalwa tare. Sai cikin 1948 John Cumings ya nuna cewa jan ƙarfe ne ke taruwa a gaɓoɓin nan biyu, kana cikin 1993 aka gano ƙwayar gadon da ke da laifin. A jikin mai cutar Wilson, ma'aikacin hanta wanda ke dasa azara a shuɗin furotin, wanda kuma shi ne ke tura rara cikin maɗaci, ya sami naƙasa tun daga haihuwa. Ƙofar fita ta toshe ke nan. Hanta ta cika ta batse, har takan ɗauki ninki biyar ko fiye na abin da ya kamata, sa'an nan jan ƙarfen ya tumbatso cikin jini ya hau kan albumin, ya zarce ƙwaƙwalwa da ido da ƙoda. Akan kiyasta mutum ɗaya cikin 30,000 ne ke da ita a duniya. Gadonta irin na amosanin jini ne, watau sai yaro ya ɗauko daga uwa da uba duka biyu, domin haka ta fi samun hanya a dangin da auren zumunci ya yi yawa.

Yawanci tana bayyana ne tsakanin shekara 5 zuwa 35. Wani shawara ce za ta yi ta dawo masa, ciki ya kumbura. Wani kuwa hannu ne zai soma karkarwa, rubutu ya lalace a makaranta, harshe ya yi nauyi, yawu ya riƙa zuba, hali ya sake. A garuruwanmu irin wannan yaro sau da yawa iska za a ce ta taɓa shi, ko a zarge shi da shaye-shaye. Alhali kuwa likitan ido, in ya duba da fitilarsa, yakan ga wani zobe mai launin tagulla ya kewaye baƙin idon. Wani abin mamaki kuma, in aka auna jimlar jan ƙarfen jininsa sau da yawa za a tarar ta yi ƙasa, domin shuɗin furotin ya ƙaranta. Na kan ɗan dako ne ya hauhawa, kuma shi ne mai ɓarnar.

AWARTAKI

Duk wanda ya taɓa zama a maƙera ya ga yadda maƙeri ke zaro ƙarfe daga wuta. Ba ya zungurarsa da tsinke ɗaya, sai ya sa awartaki ya cafke shi ta gefe biyu. Haka magungunan da muke zance a kansu suke aiki. Kowane ɗayansu ƙanƙanen sinadari ne mai haƙora biyu ko fiye, na farar wuta ko na naitirojin, waɗanda ke cafke ƙwayar ƙarfe ɗaya ta fuskoki dabam-dabam a lokaci guda. Sunan da masana biyu na Ingila, Morgan da Drew, suka raɗa wa irin wannan kamu cikin 1920 daga kalmar Girkanci ya fito mai nufin hannun ƙaguwa. Mu a nan awartaki ya wadatar da mu. Fa'idar haƙora da yawa a fili take. In ɗaya ya suɓuce, sauran suna riƙe, har ya koma ya sake kamawa.

Sharuɗɗa uku ne ke sa awartaki ya zama magani. Na farko, riƙonsa ya fi na albumin ƙarfi, don ya iya karɓe kayan daga kan gammo. Na biyu, ya zama ƙarami mai narkewa a ruwa, don shi da abin da ya cafko su ratsa rariyar ƙoda su fita da fitsari. Alal misali, ƙwayar albumin ta fi ƙwayar maganin fenisilamin nauyi fiye da sau 400. Na uku, ya san abin da aka aike shi, kada ya bar jan ƙarfe ya koma kwasar zinki da kalshiyam waɗanda jiki ke bukata. Babu maganin da ya cika sharaɗi na ukun nan sarai, shi ya sa ba a shan su sai a hannun likita.

A lura kuma, awartaki ba ya taɓa azarar da ke jikin shuɗin furotin. Abin da ke kan ɗan dako kawai yake kwashewa, wanda a kowane lokaci ɗan kaɗan ne. To, yaya ake yi hanta ta sauke nata tarin? Kamar rijiya ne. Ka ɗebi guga, ido ya kawo wani ruwan. Duk lokacin da aka kwashe na cikin jini, sai gaɓoɓi su saki wani ya maye gurbinsa, magani na gaba ya zo ya kwashe. Ana ganin wannan a awon fitsarin yini guda, inda ake lissafi da maikurogiram, watau giram ɗaya in an kasa shi kashi miliyan. Mai lafiya bai cika fitar da 50 ba. Mai cutar Wilson wanda bai soma magani ba yakan haura 100. Da an soma ba shi awartaki yana iya wuce 1,000, daga baya ya sauko ya tsaya tsakanin 200 da 500. Amma 1,000 ɗin nan miligiram ɗaya ne tak, ga shi kuwa kullum abinci yana kawo sabo. Shi ya sa yasar rijiyar ke cin watanni, wani lokaci fiye da shekara, sa'an nan a ci gaba da tsaro har ƙarshen rai. Likitoci sun sha ganin waɗanda suka ji sauƙi suka yar da magani, hantarsu ta mutu cikin 'yan watanni ko 'yan shekaru.

Gaggawa ma tana da nata hatsari. In aka soma da magani mai yawa, akan tayar da jan ƙarfe fiye da abin da ƙoda za ta iya fitarwa, ya bi jini ya ƙara sauka a ƙwaƙwalwa, karkarwa ta tsananta maimakon ta ragu. Domin haka da kaɗan ake farawa. Har wa yau, ba a shan sa tare da abinci, domin zai cafki ƙarafan da ke cikin tuwon, ya isa jini bakinsa a cike.

DAGA FAGEN YAƘI

Awartaki na farko da aka gwada a kan wannan cuta ba dominta aka yi shi ba. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, masana a Jami'ar Oxford ƙarƙashin Rudolph Peters suka haɗa wani magani da ake kira BAL, domin kariya daga iskar guba mai ɗauke da asenik. Haƙoransa biyu ne na farar wuta. Cikin 1951 aka gwada shi a kan masu cutar Wilson a Landan da Bostan, aka ga karkarwa ta ragu. Sai dai allura ce mai zafin gaske wadda ake narkawa cikin man gyaɗa, ba mai iya jure ta har abada.

Wani likita ɗan Ingila, John Walshe, shi ya kawo sauƙi. Ya riga ya lura cewa a fitsarin waɗanda aka yi wa allurar fenisilin akwai wani guntun maganin mai haƙorin farar wuta da na naitirojin. Yana Bostan cikin 1955 ya yi tunanin wannan guntu zai iya kama jan ƙarfe. Ya fara haɗiye shi da kansa don ya ga ko zai cutar, sa'an nan ya ba mara lafiya, jan ƙarfe ya kwararo cikin fitsari. Cikin 1956 ya bayyana wa duniya, kuma wannan shi ne fenisilamin. Da aka ga wasu ba sa jure shi, domin yakan kawo ƙuraje, ya taɓa ƙoda ko ɓargo, sai cikin 1969 Walshe ya sake fito da tirayentin, wani sinadarin masana'antu da ake daskarar da gam da shi, mai haƙora huɗu na naitirojin, wanda ya ƙware wajen ƙwace jan ƙarfe daga hannun albumin. Walshe ya rasu cikin 2022 yana da shekara 102. Akwai kuma wata dabara dabam da aka soma a ƙasar Holan cikin 1961, ta ba da zinki. Shi ba ya shiga jini ya yi kokawa. Bangon hanji yake sawa ya riƙe jan ƙarfen abinci, ya fita da bayan gida. Watau mai gadin ƙofa ne.

Na ƙarshe kuwa daga makiyaya aka koyo shi. Tun wajen 1940 aka gane cewa shanun da ke kiwo a wasu filaye na Somerset a Ingila suna zawo suna ramewa ne saboda ciyawar tana da wani ƙarfe mai suna molibdinam da yawa, kana cikin 1945 masana a Ostareliya suka nuna cewa shi ne ke hana hantar dabba ajiye jan ƙarfe. A cikin tumbi yake haɗuwa da farar wuta su zama wani gishiri mai tsananin son jan ƙarfe. Da wannan gishiri likitocin dabbobi ke ceton garken tumakin da jan ƙarfe ya yi wa yawa. Aikinsa ya bambanta da na sauran. Ba ya karɓe kayan daga kan ɗan dako, sai dai ya ɗaure kayan da ɗan dakon tamau, ta yadda ba za a iya saukewa a hanta ko ƙwaƙwalwa ba. An gwada wani nau'insa a kan mutane, har cikin 2023 kamfanin AstraZeneca ya janye daga aikin, domin awo bai tabbatar da cewa jan ƙarfen yana barin jiki yadda ake so ba, wani kamfani kuma ya karɓi aikin cikin 2024. Wannan ya nuna mana cewa kama ɓarawo dabam, fitar da shi daga gida dabam.

ZAMFARA

Mu a arewacin Nijeriya mun ga aikin awartaki da idonmu, ko da yake a kan dalma ne. Cikin watan Maris na 2010, ma'aikatan Ƙungiyar Likitoci Na Gari Na Kowa, watau MSF, suka lura ƙananan yara suna ta mutuwa da jijjiga a ƙauyukan Anka da Bukkuyum cikin Jihar Zamfara. Dutsen zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ashe cike yake da dalma, yara suna rarrafe cikin ƙurar suna kai hannu baki. Dareta da Abare da 'Yargalma da Sunke da Tungar Daji da Bagega duk sun shiga ciki. Yara fiye da 400 suka rasu. A ƙauyuka biyu da aka bi gida-gida aka ƙirga cikin 2010, an tarar ɗaya cikin huɗu na yara 'yan ƙasa da shekara biyar ya mutu cikin shekara guda.

Maganin da aka ba su sunansa saksima, jikan BAL ne, mai haƙora biyu na farar wuta, amma shi haɗiya ake yi, na tsawon mako uku ko huɗu a kowane zagaye. Akan ba yaron da dalmar jininsa ta kai maikurogiram 45 a cikin kashi ɗaya bisa goma na lita. Mace-mace suka ragu ƙwarai. Amma da an gama zagaye ɗaya sai dalma ta sake hauhawa, domin ƙashi yana ajiye ta shekara da shekaru yana saki a hankali. Zancen rijiyar nan ne dai. Yara da yawa sai da aka maimaita musu sau da dama.

Babban darasin kuwa shi ne wannan. Da farko a asibitocin Anka da Bukkuyum aka riƙa kwantar da yaran, nesa da ƙurar. Likitocin suka ƙi soma ba da magani a cikin ƙauye sai an kankare ƙasar tsakar gida an zuba sabuwa, domin yasar rijiya ana tsakiyar ruwan sama aikin banza ne. An share ƙauyuka bakwai tsakanin 2010 da 2011. Bagega kuwa, inda kimanin yara 1,500 ke jira, sai cikin 2013 Gwamnatin Tarayya ta saki kuɗin sharar, sa'an nan aka soma magani. Kafin ƙungiyar ta miƙa aikin ga hukumomin jihar a watan Fabrairu na 2022, yara fiye da 3,500 sun sha wannan magani. Cikin 2015 kuma irin wannan masifa ta auka wa ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja, yara 28 suka rasu.

Daɗin daɗawa, awartaki yana fitar da ƙarfe ne, ba ya gyara abin da ƙarfen ya riga ya ɓata. Wani babban gwaji da aka yi a Amurka a kan yara 780 masu matsakaiciyar dalma, wanda aka bayyana sakamakonsa cikin 2001, ya nuna saksima ya rage dalmar jininsu amma bai ƙara musu kaifin basira ba. Yaran Zamfara da suka makance ko suka kurumce, babu ƙwayar da za ta mayar musu da abin da suka rasa.

ABIN YI

Wannan ya kawo mu ga masu tallar magani da lasifika a tasha da kasuwa, masu cewa suna da mai wanke jini daga kowace irin guba. Jini ba riga ba ce da za a cuɗa da sabulu. Kowane ƙarfe da awartakinsa. Na jan ƙarfe dabam, na dalma dabam, na baƙin ƙarfen da ke taruwa a jikin masu amosanin jini waɗanda aka yi wa ƙarin jini sau da yawa shi ma dabam. Ko maganin gaskiya ne, in ya faɗa hannun da bai sani ba, kisa yake yi. Tsakanin 2003 da 2005 mutum uku, biyu daga ciki yara, sun mutu a Amurka saboda an ɗura musu wani awartaki da ya kwashe kalshiyam na jininsu har zuciya ta tsaya.

Ga masu turka na Mamudo da Potiskum da sauran sassan ƙasar nan, shawara a taƙaice take. Abincin kaza na kaza ne, kashinta kuwa gona ta fi dacewa da shi. In za a sayi dutsen lasa ko garin ƙarin kuzari, a tabbata an rubuta cewa na tumaki ne. In rago ya yi jan fitsari, a kira malamin dabbobi, domin cutar kaska da wasu cututtuka su ma suna kawo irin wannan alama, kuma awon hanta ne ke raba gardama. In an tabbata jan ƙarfe ne, to, a sani duk sauran da suka ci daga kwami ɗaya suna ɗauke da tarinsu, sai a sauya abinci nan take, a kuma sassauta musu wahala. Kada kuma tsoro ya sa a hana su jan ƙarfe gaba ɗaya, domin rashinsa ma yana sa tunkiya ta haifi ɗa mai tangaɗi. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, da ta binciken kiwo da ke Shika, da tsangayar likitan dabbobi ta Jami'ar Maiduguri, su ya kamata su riƙa auna abincin da ake sayarwa a kasuwannin yankin, su gaya wa makiyayi sakamakon da harshen da yake ji.

Ga iyaye kuwa, in saurayi ko budurwa suka haɗa shawara mai maimaituwa da karkarwar hannu ko nauyin harshe, musamman in an taɓa rasa wani a ɗakin da irin wannan ciwo, a nemi a kai su babban asibitin koyarwa irin na Maiduguri ko Kano ko Zariya, a duba ido, a auna jini da fitsari. In an same ta, a auna sauran 'yan ɗakin, domin kowane ɗayansu yana da hatsarin ɗaya cikin huɗu. Cutar Wilson tana cikin 'yan cututtukan gado ƙalilan waɗanda, in an gano su da wuri aka kuma dage da magani, mai ita zai yi karatu, ya yi aure, ya tsufa kamar kowa.

Su kuma hukumomin lafiya da na ma'adinai, abin da ya auku a Bagega ya isa ishara. Shekara uku yara suka yi suna jiran a kankare musu tsakar gida, alhali magani yana ajiye. Haƙar zinariya ba ta tsaya ba a arewa, saboda haka na'urar awon jini da tanadin magani da hana niƙa dutse a cikin gidaje aiki ne na kullum. Awartaki yana da amfani, amma ƙwaya-ƙwaya yake zarowa, ƙofar da aka bari a buɗe kuwa da buhu take shigowa. Rigakafi dai ya fi magani.

Sai mun sadu a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.